Balbelar Gawayi a Dutsen Birnin Kudu

Ina ɗan shekara 13 muka yi wata ɓarna, ni da wani abokina, wadda har yau ban gama yanke wa kaina hukunci a kanta ba. Ranar wata Alhamis ce da yamma, da yake babu makarantar allo, muka shiga cikin duwatsun da ke gefen Birnin Kudu muna harbin ƙadangaru da danƙo. Da muka gaji sai muka fake a ƙarƙashin wani dutse mai rumfa. A jikinsa akwai zanen shanun nan da duk ɗan garin ya san da su, ja-ja, sun koɗe, sai ka ƙura ido kafin ka bambance ƙaho da wutsiya. A ƙasa kuma ga guntayen gawayi, ragowar wutar da wasu suka taɓa hurawa a wurin.

Abokina ya iya zane. Ya ɗauki gawayi ya ce kaɗaici ya dami saniyar nan, ai ba a ganin saniya a daji babu balbela a gefenta. Nan take ya zana balbela a gadon bayanta, da dogon wuya da siraran ƙafafu, kuma gaskiya ta yi kyau. Ni da ban iya zane ba sai na karɓi gawayin na rubuta sunana da manyan baƙaƙe a kan cikin saniyar, na ƙara da shekara.

Muna cikin yaba wa kanmu wani dattijo mai kiwon awaki ya iske mu. Bai ɗaga murya ba.

"Samari, wa ya aiko ku?"

"Babu kowa, Baba. Ado muka ƙara mata."

"Mai ita ne ya ce muku adon bai ishe ta ba?"

Kunya ta kama ni, na ja hannun rigata zan goge sunan. Sai ya riƙe mini hannu.

"Kul. Naka a kan nata yake. In ka murje naka, da nata za ka tafi."

A hanyar gida muka yi ta musu. Abokina ya ce kada in haɗa laifinsa da nawa: shi saniyar ya yi wa hidima, ni kuwa kaina na yi wa. Na kasa ba shi amsa a ranar. Shekara fiye da 20 ke nan, na yi digiri a kimiyyar kwamfuta, sana'ata ta zama rubuta manhaja, wato kusan kullum aikina shi ne sa hannu a cikin abin da wani ya fara. Kuma tambayar da dattijon nan ya jefa mana ba ta rabu da ni ba. Yaushe mutum yake da ikon ƙarawa a kan aikin wani? Mene ne ya raba wanda ya taya aiki da wanda ya ɓata shi, alhali dukansu biyu ƙari suka yi?

Bari mu fara da abin da muka taɓa ɗin. Zanen nan yana wurare da dama a kewayen garin, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Masu binciken tarihi sun fara rubutu a kansa a tsakiyar shekarun 1950, musamman Bernard Fagg, Baturen Ingila da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Yau wuraren suna cikin kayan tarihin da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da su. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Abin da ya fi ba da mamaki kuwa shi ne shanun ba su da tozo. Je ka kasuwar shanu ta Maigatari, ko ka tsaya bakin hanya a Gwaram da yamma garke na komawa ruga, duk saniyar da za ka gani da tozonta. Ke nan wanda ya yi zanen wani irin garke yake kallo da ya riga ya ɓace daga wannan yanki. Bai bar suna ba. Saniyar ce kaɗai shaidar cewa ya taɓa rayuwa.

Akwai kuma wani abu da ke ƙarfafa hujjar abokina. Shanun ba salonsu ɗaya ba: wasu an cike jikinsu da launi, wasu layi kawai aka zagaya. Duk wanda ya kalle su zai yi zaton hannaye da yawa ne suka bi ta wurin, wani bayan wani. To in dutsen tun asali aikin gayya ne, wa ya rufe ƙofa da aka zo kanmu? Don me na wancan zamanin zai ƙara saniya a kira shi magabaci, ɗan yau ya ƙara balbela a kira shi mai ɓarna?

Na daɗe ina ganin wannan hujja ba ta da makawa, har sai da na karanta yadda Sinawa ke zanen tarayya. A ƙasar Sin akwai tsohuwar al'ada ta zane da tawada a kan takarda ko siliki, kuma manyan rassanta sun haɗa da zanen tsaunuka da ruwa, da zanen furanni da tsuntsaye. Tawadarsu ba ta yi nisa da tamu ba. Mu gawayi ne da ƙaro, su kuma baƙin hayaƙi ne da danƙo, a busar da shi kamar sanda, in za a yi aiki a goga shi a kan dutse da ɗan ruwa. Bambancin yana wurin abin da ake rubutu a kai. Allonmu ana wanke shi a sake. Takardarsu kuwa shanye tawada take yi nan take, duk layin da ya sauka ya sauka ke nan har abada.

A cikin wannan al'ada abokai sukan taru su yi zane ɗaya tare. Wani ya fara da dutse, wani ya fito da reshen gora daga bayan dutsen, wani ya ƙara fure, wani ya ɗora tsuntsu a kan reshe. Daga ƙarshe wani ya rubuta a gefe: wane ne ya yi dutse, wane ya yi gora, wane ya yi tsuntsu. Kowa ya buga ɗan jan hatiminsa. Ba wasan yara ba ne. A 1955 masu zane 14 suka haɗu suka yi wani babban zanen tattabaru a cikin furanni da bishiyoyi, domin taron zaman lafiya na duniya da aka yi a Helsinki. A cikinsu akwai Qi Baishi, wanda a lokacin ya haura shekara 90, da wata fitacciyar mai zane, He Xiangning. A 1959 kuma Fu Baoshi na Nanjing da Guan Shanyue na Guangzhou, mutum biyu da makarantarsu ta zane ta bambanta, suka yi zanen tsaunuka mai tsayin mita 5.5 da faɗin mita 9 domin babban zauren taron jama'a na Beijing.

Da na fara ganin wannan sai na ce to, ai abokina ya yi gaskiya, ga mutanen da suka mai da ƙara tsuntsu a kan aikin wani sana'a mai daraja. Amma da na ƙara lura sai na ga abin da ya tsere mana a ƙarƙashin dutse. A zanen Sinawa, farin takardar da ba a taɓa ba shi ma ɓangare ne na zanen. Shi ne hazo, shi ne ruwa, shi ne sararin sama. Don haka fili iri biyu ne a takarda. Akwai filin da mai dutse ya bari da gangan saboda ya san mai tsuntsu na nan tafe, har ya karkatar da dutsen yadda reshe zai samu wurin fita. Akwai kuma filin da ya bari saboda a wofi yake son sa. Gwanintar wanda ya zo daga baya ita ce ya iya rarrabe waɗannan biyun. Kafin ya tsoma buroshi a tawada sai ya tsaya ya karanci abin da na gabansa ya yi: ina nauyin zanen ya karkata, ina iska ke kaɗawa, wane gefe ya kamata tsuntsun ya fuskanta. Da yake babu gogewa, kuskurensa ba nasa kaɗai zai ɓata ba, har da na duk wanda ya riga shi.

Mu kuwa fili kawai muka gani, muka ɗauka gayyata ce.

Sinawa ma suna da nasu mai rubuta suna a cikin saniya, kuma ba yaro ba ne, sarki ne. Akwai wani shahararren zane na tsaunukan Fuchun da Huang Gongwang ya kammala a wajajen 1350, doguwar takarda da ake naɗewa kamar tabarma. Sarki Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, mutum ne mai son zane ƙwarai, kuma mai son buga hatiminsa a kan duk abin da ya shiga taskarsa. A 1745 aka kawo masa wani kwafi na wannan zane, ya ɗauka shi ne na asali. Shekara ɗaya bayan haka na asalin ya iso fada, sarki ya duba ya ce jabu ne. Sai ya rungumi kwafin, yana tafiye-tafiye da shi, duk sanda wani tunani ya zo masa sai ya rubuta a jikinsa. Ya yi haka fiye da sau 50, har ya cike sararin sama da ruwan da mai zanen ya bari. Na asalin, wanda yanzu yake gidan tarihi a Taipei, kuskuren sarki ne ya cece shi daga wannan alƙalami.

Qianlong bai ƙi zanen ba, son sa yake yi. Yana da iko, yana da ilimi, kuma al'adarsu ta yarda mai zane ko mai mallakarsa ya yi rubutu a gefe. Duk da haka yau in an kalli takardar nan, sarkin ake gani kafin a ga tsauni. Wannan ya nuna mini cewa so ba ya wanke mai ƙari, mallaka ma ba ta wanke shi.

To ko izini ne ma'auni? In mai aikin ya ce ka ƙara, ka ƙara, in bai ce ba, ka janye hannu? Wannan ma bai isa ba, kuma hujjar tana cikin gidanmu. Malamanmu suna da tahamisi: mawaƙi ya ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu a kowane baiti, ya ƙara ɗango uku nasa, baitin ya zama mai biyar. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce da ɗaliban Hausa suka sani: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya. Kuma sau da yawa mai tahamisi yakan yi wa waƙar wanda ya daɗe da rasuwa, babu halin neman izini. Amma ba mai kiran sa mai ɓarna. Me ya sa?

Dalili biyu na gani. Na farko, mai tahamisi yana shiga ƙarƙashin dokar mai waƙar ne. Karin da aka ɗora waƙar a kai shi zai bi, amsa-amonsa kuma daga ɗangon mai waƙar zai ɗauko shi, ma'anar da zai kawo dole ta share wa baitin asali hanya. Ba zai iya ba sai ya san waƙar ciki da bai. Na biyu, ɗangayen asali suna nan ba a taɓa ko harafi ɗaya ba, kuma duk mai so zai iya rera waƙar farko ita kaɗai. Waƙa tana kwafuwa. Dutse kuwa ɗaya ne.

Duk wannan a kaina yake kamar karatu, sai da sana'ata ta koya mini shi a jiki. Mu masu rubuta manhaja muna alfahari da aikin tarayya. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a 1991, yau dubban mutane ne suka sa hannu a cikinta, kuma a kanta aka gina Android da ke cikin yawancin wayoyinmu. A 2005 shi Torvalds ɗin ya ƙirƙiro Git, wata ma'ajiya da ke riƙe tarihin kowane layi: wa ya rubuta shi, yaushe, me ya sauya. A cikinta akwai umarni mai suna git blame, wanda ma'anarsa ita ce ɗora laifi. In ka ba da shi sai ya jero maka sunan mai kowane layi a gefe, kamar rubutun nan na gefen zanen Sinawa. Kuma komai ka ɓata, kana iya komawa baya ka ɗauko yadda yake jiya. Wannan ya sa muka saba da tunanin cewa a duniyarmu babu tawadar da ba ta goguwa.

Shekaru kaɗan da suka wuce aka ba ni aikin gyara wata ƙaramar manhajar waya ta wata ƙungiyar manoma a yankin Gwaram. Da ita suke rubuta riɗin da kowane manomi ya kawo da kuɗin da yake bi. Wani matashi ne ya fara rubuta ta, sannan ya tafi ƙarin karatu. Da na buɗe aikinsa sai na ci karo da wani sashe da ya yi mini muni. Maimakon ya ƙayyade cewa tiya ɗaya kilo kaza ce, sai ya bar gurbi inda kowane mai awo zai shigar da nauyin tiyarsa da hannu a safiyar ranar kasuwa. Na ce wannan aikin ɗan koyo ne. Na share sashen, na sa adadi guda tsayayye, layuka kusan 200 suka koma 20. Na ji daɗin kaina har na cire sunansa daga saman fayil ɗin na sa nawa. Lambar wayarsa tana cikin wayata. Ban kira shi ba.

Ranar kasuwar Sara da yamma sakataren ƙungiyar ya kira ni.

"Injiniya, akwai matsala. Lissafin waya da na littafi sun ƙi haɗuwa, kuma duk a wurin mutum ɗaya giɓin yake."

Mutumin wani dattijo ne mai awo, wanda tiyarsa ta ɗan fi ta sauran girma, kuma kowa ya san da haka, shi ya sa aka bar gurbin nan tun farko. Tiyar wannan kasuwa ba ta zama ɗaya da ta waccan, tsoron da wani ke yi wa kwano ma ba irin na wani ba ne. Matashin da na raina ya zauna da masu awo ya ga haka da idonsa. Ni daga Kano na kalli layukansa na yanke hukunci. Kafin a gano inda matsalar take, an riga an yi wa dattijon magana mai zafi a gaban mutane, har wani ya furta kalmar sata.

Gyaran manhajar bai ɗauke ni minti 10 ba. Na koma tarihin Git na dawo da sashen yadda yake, da sunan mai shi. Washegari na hau mota na je na sami dattijon a ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, laifin nawa ne, ba naka ba. Ni na taɓa abin da ban fahimta ba. Ka yafe mini."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, na yafe. Amma waɗanda suka ji an kira ni ɓarawo a kasuwa, su ma za ka bi su gida-gida ka gaya musu?"

A nan na gane cewa manhaja tana komawa baya, mutuncin mutum ba ya komawa da danna maɓalli. Ashe ko a sana'armu akwai takarda mai shan tawada, sai dai ba a cikin kwamfuta take ba, a jikin mutanen da aikin ya shafa take. Maganar mai awaki ce ta dawo mini: naka a kan nata yake.

Daga waɗannan abubuwa na tsayar wa kaina tambayoyi uku da nake yi kafin in sa hannu a aikin wani. Ta farko: na fahimci abin da mai shi yake nufi, har da wuraren da suka yi mini kama da kuskure ko giɓi? Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya yi kama da rashin iyawa sau da yawa amsa ce ga wata matsala da ban sani ba. Ta biyu: in na yi kuskure, za a iya dawo da aikinsa yadda yake, kuma wa zai ɗauki asarar kafin a dawo da shi? Ta uku: bayan na gama, ina idon mai kallo zai fara sauka, a kan aikin ko a kaina?

Wani zai ce wannan tsoro ne aka yi wa rawani. In kowa zai tsaya sai ya gama fahimta kafin ya taɓa, ai babu abin da zai ci gaba, kuma matasa za su dawwama suna gadin kayan tsofaffi. Akwai gaskiya a nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma al'adar da ta hana ƙari ta kama hanyar mutuwa. Babbar rigar da muke taƙama da ita ma wani ne ya saƙa, wani ya ɗinka, wani ya zana askar, wani ya bi ta da allura, wani ya buga. Amma tambayoyin nan uku ba su hana ƙari ba, wurin yin sa suke nunawa. Inda aiki ke kwafuwa, kamar waƙa ko manhaja, ɗauki kwafinka ka yi duk ƙarfin halin da kake so, na asali yana nan. Inda aiki ɗaya ne tilo, kuma mai shi ba ya nan balle a tambaye shi, to nauyin hujja yana kan mai son ƙarawa.

Wani kuma zai ce to laifin son suna ne, a daina sa suna kawai. Ban yarda ba. Masu zanen Sin suna rubuta sunan kowa, mawaƙanmu na da sukan ambaci sunansu a ƙarshen waƙa, Git ma ba ya mantuwa da kowa. Suna iri biyu ne. Akwai wanda ake sawa a gefe, ma'anarsa ita ce: wannan ɓangaren ni na yi, in ya ɓaci ni za a nema. Akwai kuma wanda ake shimfiɗawa a tsakiya, ma'anarsa ita ce: wannan nawa ne. Na farko ɗaukar nauyi ne, na biyu ƙwace. Sunan da na rubuta a cikin saniya da wanda na sa a saman fayil ɗin matashin nan duk irin na biyu ne, shekaru ne kawai suka raba su.

Saura balbelar abokina. Har yanzu ina ganin ya fi ni niyya mai kyau, domin shi ya kalli saniyar, ni kuwa bango kawai na gani. Amma niyyarsa ba ta ba shi iko ba. Waɗanda suka ƙara shanu a dutsen nan a zamanin da, in har hannaye da yawa ne, suna cikin zance ɗaya ne da na gabansu: garkensu ɗaya, sun san dalilin da ya sa ake zana saniya a wannan wuri ba a wancan ba. Mu mun zo ne bayan zancen ya yanke, ba mu jin harshen. Abokina ya ɗauka hoton kiwo ne da aka manta ba a sa masa tsuntsu ba, alhali wanda ya yi shi bai gaya mana abin da yake nufi ba. Wanda bai ji farkon magana ba, in ya tsoma baki, ko da daɗin murya, katsalandan ya yi. A irin wannan wuri gudummawar da ta rage wa na baya ita ce ya riƙe hannunsa, ya tabbatar abin ya isa ga na bayansa yadda ya same shi. Wannan ma sa hannu ne a aikin, sai dai ba ya barin alama.

Bara da Sallah na koma gida, na ɗauki 'yar yayata mai shekara 9 muka je ganin zanen. Na duba inda na yi rubutu. Baƙaƙen sun dushe, sai wani ɗan duhu-duhu da ni kaɗai na san mene ne. Yarinyar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kawu, me ya sa shanun ba su da tozo? Kuma ina balbelarsu?"

Na ba ta amsar ta farko gwargwadon abin da na sani. Ta biyun kuwa, na buɗe jakata na ciro littafin da nake rubuta lissafin aiki, na yago mata takarda na miƙa mata biro. Ta zauna a kan wani ƙaramin dutse, ta kwaikwayi saniyar a hankali, tana ɗaga kai tana dubawa, ta goge da yatsa ta sake. Da ta gama sai ta ɗora mata balbela har biyu, ɗaya a baya ɗaya a ƙasa kusa da ƙafa. Ta tambaye ni ko ta rubuta sunanta. Na ce ta rubuta, a gefe.